Mai Karanta wa Baba

Talata

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidan da aikin asibiti. Ga littattafanki uku na dawo da su ta hannun direban Kawu, wasiƙar tana cikin na tsakiya kamar yadda muka saba. Na ƙarshen nan kada ki ƙara aiko min irinsa. Ashe mutuwa jarumin yake yi, kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Kin ce in daina ɓata takarda in kira ki a waya. Ba zan iya ba. Tun da aka ba Baba shugabancin kwamitin sufuri a majalisa aka karɓe wayoyinmu aka ba mu sababbi, wai saboda tsaro. Ni kuwa duk sanda na kara tawa a kunne sai in ji kamar akwai mai numfashi a ciki. Kuma kin san ni, abin da hannuna zai rubuta bakina ba zai iya faɗa ba.

Har yanzu ban saba da gidan nan ba. Ɗaki tara, mu biyu, sai mai girki da take tafiya da la'asar, sai 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. In cokali ya faɗi a ƙasa sai a ji a sama. Mama ta yi dabara da ta ce gwiwoyinta ba za su iya da bene ba, ta yi zamanta a tsohon gida.

Yaya, akwai abin da zan faɗa miki, amma don Allah kada Mama ta ji, kin san jininta. Baba ba ya gani. Ba gaba ɗaya ba, yana ganin haske da inuwar mutum, amma rubutu ya tafi. Baƙin tabarau ɗin nan da kike masa dariya a talabijin ba gayu ba ne. Na gane ne ranar da ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi ta zubawa har ya gangaro masa a ƙafa. Daga nan na lura leɓensa yana motsi in yana hawa bene. Ƙirga matakalar yake yi. Da ya ga na gane sai ya lalubo hannuna ya ce, "Auta, in 'yan majalisa suka ji, ko wata guda ba zan ƙara a kujerar nan ba. Ki bar ni in gama da maganar motocin nan tukuna."

Kin dai san motocin: bas-bas ɗin da aka sayo wa makarantu, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta ƙwace a gangare bara da yara a ciki. Kwamitin Baba ne ke bincike. Ranar da suka je duba sauran ya sa aka kwance ƙafar ɗaya, ya shafa kayan birkin da yatsa, ya ce jabu ne, a gaban injiniyoyin kamfanin da ya kawo su. Jaridu suka yi ta yabon ƙwarewarsa. Ba su san yatsan kaɗai ya rage masa ba.

Mu uku muka sani: ni, da likitansa, da Sakatare. Sakatare shi ne idon Baba yanzu. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai shigo ɗakin karatu da fayil a hammata, ya karanta masa takardun ranar. In ta sa hannu ce sai ya ɗora rula a kan layin, ya kama yatsan Baba ya ajiye a bakinta.

Yaya, muryarsa. Ko farashin tayoyi yake karantawa sai in ji kamar labari yake ba ni. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, bai taɓa tuntuɓe a kalma ba. Ni nake kai musu shayi, sai in tsaya ina goge teburin da ba shi da datti. Bai taɓa ce min komai ba sai "Sannu, Auta," amma a raina mun kai babi na ashirin. In kika yi dariya ban yafe ba.

Abu ɗaya ne yake damuna. Shekaranjiya mutanen kamfanin suka aiko wa Baba da sabuwar mota, ya sa aka mayar musu. Tun ranar wata farar mota take tsayawa a gindin bishiyar da ke kallon ƙofarmu. Ba mai fitowa daga ciki.

Ki gaida maigidan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta


Juma'a

Hajiya Mafarki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidan yana amsawa, ya ce in tambaye ki ko a babi na ashirin ɗin an kai ga maganar wanke-wanke. Na yi dariya, sai ki yi abin da za ki yi.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Na karanta maganar idon Baba a bayan kantar ɗakin magani, sai da na zauna a kan kwali.

Ke a cikin mota kika san Baba. Ni na san shi da tebur ɗaya a bakin tasha, noti da ƙusoshi a gwangwanayen madara, ina zaune a ƙarƙashin teburin ina cin ƙasa. Bakanike zai miƙo masa ƙarfen da ya cinye, ko kallo ba ya yi, ya murza shi a yatsa, ya sa hannu a gwangwani ya zaro ɗan'uwansa. Tebur ya zama shago, shago ya zama huɗu, 'yan kasuwa suka ɗora shi a kan ƙungiyarsu don shi kaɗai ne ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Sai ga masu manyan motoci sun fara zarya, wai ya fito takara, mutane suna sonsa. Na ce masa a gaban Kawu, a kasuwa in mutum zai cuce ka kana kallon fuskarsa, can kuwa da murmushi za a yi maka. Ya ce ba ni da kunya. Yau shekara biyu ke nan gaisuwata ta bakin Mama take isa gare shi.

Mutumin da ko takardar sakamakonki ta makaranta sai ya karanta sau biyu kafin ya sa hannu, yau shi ake kama wa yatsa? Auta, abin nan bai kwanta min ba.

Yadda kika kwatanta, ya yi min kama da hawan jinin ido. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya riƙe sauran in ana ɗiga magani kullum. Ki kwafo min sunan abin da likitan yake ba shi, harafi da harafi.

Sannan ki bar sauraron murya ki buɗe ido. Wa ya kawo wa Baba wannan Sakataren? A ina ya yi aiki a da? Yana da mata ma ko babu ban damu ba, wannan ke ta shafa. Ni dai a wurin aikina na ga masu daɗin murya da yawa, yawanci su ne suke kawo takardar magani ta bogi.

Na sako miki littafi biyu. Na duba ƙarshensu, ba wanda ya mutu. Ki riƙa cin abinci, ki daina leƙen farar mota ta taga.

Yayarki


Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. 

Na tambayi mai girki da dabara. Ta ce manyan jam'iyya ne suka ba Baba Sakatare ranar da aka naɗa shi a kwamitin. Likitan kuma Sakatare ne ya samo shi. Maganin babu takarda a jikin kwalbar, an ɓare.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba.

Ranar Asabar aka kawo rahoton binciken, an buga shi tsaf, shafi ashirin da shida. Sakatare yana karantawa, Baba yana gyaɗa kai. Na kawo shayi, sai zuciyata ta ce in zagaya ta bayan kujerarsa in zuba, don kawai in ji ƙamshin turarensa kusa. Kin ga abin kunyar da ya kai ni wurin. Kuma kin san idona, ko kwalin sabulu ya gani sai ya karanta. Idon ya sauka a shafi na goma sha ɗaya daidai inda yatsan Sakatare yake.

Bakinsa ya ce, "Kwamiti bai gamsu cewa birkin motocin na ƙwarai ne ba."

Takardar ta ce, "Kwamiti ya gamsu cewa birkin motocin na ƙwarai ne."

Na ce idona ne. Na bi layi na gaba. Ya karanta cewa alhakin yana wuyan kamfanin da ya kawo motocin. A rubuce kuwa direba aka ce, bawan Allah nan da ya mutu tare da yaran, wai gudu yake yi. Ko gargada bai yi ba, Yaya. Numfashinsa bai canja ba. Baba ya ce madalla, haka yake so, Allah ya yi wa ɗansa albarka. Ɗana yake ce masa.

Butar ta bugi bakin kofi. Sakatare ya ɗago ya dube ni cikin ido, karo na farko tun zuwansa gidan nan, ya yi murmushi.

Washegari ya tare ni a gindin bene da littafi a naɗe cikin takarda mai furanni. Sau ɗari na yi mafarkin wannan tsayuwar, har na san abin da zan ce. Ya miƙo min ya ce ya lura ina da saurin karatu, irin waɗannan su suka dace da ni, takardun manya ciwon kai suke sa yara. Har ya juya sai ya ce, "Ki gaida Yayarki in kin rubuta mata."

Ban taɓa gaya wa kowa ina rubuta miki ba.

Ranar Alhamis ta mako mai zuwa Baba zai sa hannu da safe, da rana ya miƙa rahoton a zauren majalisa. Sau biyu na je zan faɗa masa. Na farko na ce "Baba," ya ce na'am, sai na tambaye shi ko in ƙara masa sukari. Na biyu ko kalmar "Baba" ɗin ba ta fito ba. In na yi kuskure fa? In kuma ban yi ba, wa zai riƙa karanta masa? Shi kaɗai ne mutumin da Baba yake sakin jiki da shi a duk garin nan.

Littafin yana ƙarƙashin gado, ban kwance shi ba. Ki gaya min abin da zan yi.

Ƙanwarki,
Auta


Lahadi

Auta,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta zo da gam iri biyu a bakin ambulan, an buɗe ta a hanya ke nan. Daga yau kada ki ba direba komai. Kawu zai kawo miki wannan da kansa ranar Laraba, ya kwana biyu a nan wurinku. Na ce masa kewar gida ke damunki.

Layin da kika ga na soke a sama, cewa na yi ki yi shiru ki haɗa kaya ki taho. Har yanzu rabin zuciyata haka take cewa. Amma in ya sa hannun nan, sunansa ne zai wanke su, kuma sauran motocin za su koma ɗaukar yara. Ranar da ya gano, ba na jin zai ƙara tashi.

Ba ki yi kuskure ba. Ke da kike zagaye min kuskuren bugu da jan biro a littattafaina.

Ki same shi shi kaɗai. In baki ya ƙi, ki kama hannunsa ki matse har sai ya tambaye ki. Amma kada ki yi a gaban mutumin nan. Kin ji ni? Kada ki yi a gabansa.

Na nemi hutu, sun ce sai Asabar. Allah ya tsare min ku.

Yayarki


Alhamis, da hantsi

Yayata,

Assalamu alaikum. Kawu yana falo yana jira in gama. Ki yafe min, na yi abin da kika ce kada in yi.

Ban samu Baba shi kaɗai ba. Tun Litinin Sakatare ya tare a ɗakin baƙi, wai aiki ya yi yawa. Shi ke hawa da shi bene, shi ke sauko da shi, tare suke cin abinci. In na tunkari ƙofar Baba sai in tarar da tasa ƙofar a buɗe, yana zaune yana fuskantar hanya. Kawu kuwa tun da ya zo aka ajiye shi a falo da jaridu da lemo, kamar mai neman aiki.

Yau da safe na shiga da shayi. Rahoton yana gaban Baba a shafin ƙarshe. An ɗora rular. Na ga Sakatare ya kama yatsan Baba ya ajiye, ya sa masa biro a hannu. Na tsaya da faranti a hannu. A littattafai a nan ne wani yake banko ƙofa. Na saurara, Yaya, wallahi na saurara. Ba kowa sai ƙarar fanka.

Na ce, "Baba, bari in karanta maka."

Muryar da ta fito kamar ta ɗan tsako. Sakatare ya yi dariya ya ce Auta tana son ƙwace masa aiki, amma lokaci ya ƙure, mota tana jira. Baba bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa wajen da nake, sannan ya ture rahoton zuwa gefena.

Na buɗe shafi na goma sha ɗaya. Na yi in'ina a kusan kowace kalma, shayi yana zuba a farantin da na manta ban ajiye ba. Da ƙyar na kai aya. Baba ya ce in sake. Na sake. Ya ce akwai saura? Na karanta masa na direba.

Ya ce, "Ɗana, ita ce ta yi kuskure ko kai?"

Na zaci zai musa, ko ya durƙusa. Sai ya zare biron daga hannun Baba a hankali, ya rufe shi da murfinsa. Ya ce, "Yallaɓai, wata takwas ina karanta maka. Takarda arba'in da uku ka sa wa hannu. Guda nawa ka san abin da ke cikinsu?"

Ya ci gaba da bayani kamar mai karanta jadawalin taro. Ya ce takardun suna hannu mai kyau, haka ma rahoton likita a kan idon. In Baba ya sa hannu a wannan, duk za su ci gaba da barci, ya gama wa'adinsa da mutuncinsa, ya koma shagunansa. In ya ƙi, shi dai ɗan aike ne, ba shi da iko da abin da zai biyo baya. Ya ce a yi tunanin yarinya ma, tana zuwa makaranta kullum ta hanya ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali, muryar tana nan da daɗinta. Ba abin da ya ragu. Da zai fita ya ce, "Sannu, Auta," kamar kullum.

Baba ya jingina da kujera. Ya cire tabarau ya ajiye. Na daɗe ban ga idanunsa ba, sun yi fari-fari a gefe. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun Asabar waccan. Na jira faɗa. Sai ya ce shi ma ya kamata ya ji, don duk tsawon rayuwarsa bai taɓa sayen kayan da ba shi da ko tabo ɗaya ba tare da ya yi zarginsa ba, ga shi ya ajiye mutum wata takwas bai taɓa tuntuɓe a kalma ba.

Zaman majalisa ƙarfe biyu ne. Ya ce in sa kayan kirki, ni zan riƙe hannunsa har ƙofar zauren, a gaban kowa. Tabarau ɗin ya ce in bar shi a kan tebur. Na tambaye shi me zai ce musu, ya ce in ɗauko masa hularsa.

Farar motar yau ta zama biyu.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Auta


Juma'a

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da mijinki. Ni nake faɗa, ƙanwarki take rubutawa.

Jiya na tashi a zauren majalisa na ce ba na gani tun wata takwas, rahoton da ke gabansu ba nawa ba ne, birkin motocin jabu ne. Na roƙi a fito da duk takardar da ke ɗauke da hannuna a karanta a fili. Wasu sun yi dariya. An kashe min abin magana kafin in gama. An kafa kwamiti a kaina. Yau da safe an janye 'yan sandan bakin ƙofa, kuma har yanzu makullin gidan nan ɗaya yana hannun Sakataren.

Maganar da kika yi a gaban Kawunku gaskiya ce. Ki yafe min.

Ki zo gobe ki tafi da ƙanwarki. Na sa an haɗa mata kaya. Uwarku ni zan gaya mata da bakina.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki

Yaya, na rubuta duk abin da ya ce, na maimaita masa sau biyu, ban canja ko harafi ba. Ki zo, amma ki taho da kayan kwana da yawa, don ni ba inda za ni. An kawo takarda bakwai daga cikin arba'in da ukun, Litinin za mu fara karanta su. Wannan layin ban karanta masa ba.